Karyar da Muka Yi Jego Tare

An rushe murhun bandar gidanmu a watan da ya wuce. Wanda ya sayi filin zai yi garejin kamiyo, wato manyan motocin kaya, don yanzu duk wani fili da ke kusa da hanyar gada, ƙarfe da baƙin mai ne ke cinye shi. Ban je kallo ba. Jikata ce ta dawo ta ce mini ƙasar murhun ta yi tauri har sai da suka sa diga, kuma da suka fasa ta, warin kifi ya tashi kamar jiya aka sauke banda. Ta faɗi haka ta koma latsa wayarta. Ni kuwa na zauna ina tuna wata karya da ta haihu a bayan murhun nan, a satin da ni ma na haihu.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Nasara an ɗaga tamu ba. Maza suna ta maganar mulkin kai a bakin kasuwa, amma mu mata a cikin gida ba mu ga abin da ya sauya ba, sai ƴan lakwal, wato yaran makarantar boko, da ke wucewa ta bayan darni da wata sabuwar waƙa. Garinmu Gaya bai kai rabin yadda yake yanzu ba. Da safe abin da kunne zai fara ji shi ne dukan turmi daga gida zuwa gida, sai muryar masunta suna kiran juna daga kan ruwa, sai itace yana fashewa a cikin murhu. Tsallaken kogi ana ce masa Dahome. Kamiyo idan ya taso daga gada, tun kafin ya iso kowa ya san na wane ne, don ba su da yawa, kowane da irin tarinsa. Yau ko kiran salla sai mutum ya kasa kunne kafin ya tsinto shi a cikin kukan babura.

Ni daga Tanda aka kawo ni. Maigidana aparanti ne, wato yaron mota, a wani kamiyo mai zuwa Dosso, ya fi kwana a hanya bisa ga gida. Mahaifinsa ya rasu tun kafin in zo, gidan yana hannun mahaifiyarsa, Hajo, wadda nake kira Inna. Sana'arta bandar kifi. Tarwaɗa, ragon ruwa, karfasa, duk abin da jirgi ya kawo, sai ta farke, ta lanƙwasa, ta jera bisa sanduna, ta sa wuta marar harshe a ƙasa. Hayaƙin nan ya shiga zannuwanmu, ya shiga gashinmu, har idan na je ganin gida a Tanda ƙannena kan ce tun daga ƙofa sun san ni ce. Inna ba muguwa ba ce. Mace ce mai yawan aiki da ƙarancin magana, kuma idan ta yanke abu ba ta sake duba shi.

Karyar sunanta Ƙyale. Ja ce, mai farin wuya, kunnenta ɗaya a karye. Ba a taɓa ta, ba ta shiga ɗaki, tana da kaskonta can gefe wanda ba ya haɗuwa da kwanukanmu ko a wajen wanki. Aikinta tsaron kifi daga kyanwa da shirwa da masu dogon hannu. Abincinta kuwa tun tana ƙarama ƙanzo ne, a jiƙa shi a zuba mata, wani lokaci a haɗa da ruwan dusa. A kan haka ta girma, jikinta sumul, ba wanda ya taɓa jin ta yi ciwo. Karnukan da nake gani yanzu a gidajen masu hali, ɗaure da sarƙa, ana sayo musu abinci cikin buhu, ana kai su wajen likitan dabbobi a bayan mota, ba na jin akwai wanda zai iya wunin Ƙyale a cikinsu.

Kafin wannan na taɓa yin wata haihuwar. Namiji ne, bai kai ga zama ba zawo ya ɗauke shi. A wajen zaman makoki na ji mata suna magana ƙasa-ƙasa, wai wataƙila nonona ne ba shi da kyau. Ba wadda ta faɗa a gabana, amma maganar ta zauna mini. Shi ya sa da na haifi ta biyu, mace, ban iya kallon komai ba sai ita. In taɓa maɗigarta in ji ko ta faɗa. In kara kunne a hancinta. In buɗe tsummanta in duba launin abin da ta yi, in sake dubawa. Idan ta yi kuka in tsorata, idan ta yi shiru in fi tsorata. Ko atishawa ta yi sai in ɗauke ta in duba.

Ƙyale ta riga ni da kaɗan. Ta tona rami a bayan murhu inda ƙasa ke da ɗumi, ta zube ƴan kwikwiyonta, idonsu a rufe, suna motsi kamar ɓeraye. Da aka wanke jinjirata aka miƙa wa Inna, ta kalle ta, ta kalli wajen murhu, ta yi dariya, abin da ba ta cika yi ba.

"Masu jego biyu Allah ya ba ni a gida ɗaya," in ji ta. "To, kowa zai sha hakkinsa."

Jego a zamanin nan aiki ne sosai. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen sabara, a riƙa watsa miki har fatarki ta yi ja. A hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ki kwanta a kai. A gasa kifi a bulbule shi da yaji. Sama da duka kuma akwai kunun kanwa, ƙwarya cike, da citta da kimba da masoro, ki sha yana ƙona miki harshe. An ce shi ke wanke ciki, shi ke kawo nono. Idan cikin mai jego ya saki bayan ta sha, ba a damuwa, sai a ce dauɗar haihuwa ce ke fita. Ƴan matan yanzu suna haihuwa a asibiti, kwana kaɗan ka gan su zaune suna shan shayi da burodi, idan ka kawo maganar kanwa su ce ma'aikaciya ta hana. A da kuwa kanwa ita ce maganin gida. Ciwon ciki kanwa, saniya ta rame kanwa, doki ya ƙi ci kanwa. Inna tana da wani dunƙule a cikin tukunyar ɗakinta wanda ta saya daga hannun fatake, tana ji da shi kamar zinariya.

Abin da Inna ta yi, da kyakkyawar zuciya ta yi shi. Kullum idan ta zuba mini nawa kunun, sai ta kankare gindin tukunya, inda kanwa da yaji ke kwanciya, ta juye a kaskon Ƙyale. Ta ƙara da man kifin da ke ɗiga daga banda, ta jefa kawunan tarwaɗa. Karyar da ba ta taɓa ganin maiƙo ba ta faɗa wa kaskon har tana ture shi da hanci. Inna ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallo, tana cewa, "Ci, baiwar Allah, bakuna da yawa ke jiranki."

Ba a jima ba cikinta ya lalace. Ƙofar ɗakina tana kallon murhu, kuma mai jego ba ta fita, don haka duk abin da ya faru a idona ya faru. Tana kwance ƴaƴan suna tsotso, sai ta zabura, ta tashi da su rataye a nono har su faɗo ɗaya bayan ɗaya, ta ruga bayan darni. Ta dawo tana jan ƙafa, ta kwanta, kafin su gama kama nono ta sake tashi. Daga inda nake zaune ina jin cikinta yana ƙugi. Ta je gindin randa inda ciyawa ta tsiro ta riƙa tsinka tana ci, can ta amayar da kumfa rawaya. Ƙudaje suka cika bayan darni. Haƙarƙarinta ya fito, gashin ya tashi tsaye, nonuwan suka saki kamar jakar da aka zazzage. Ƴan kwikwiyon kuwa suka shiga wani kuka siriri wanda ba ya yankewa, wuni guda, har ya zama kamar a cikin kaina ake yin sa.

Inna ta duba ta ce ciwon ciki ne. Maganin ciwon ciki kuwa kowa ya san shi. Ta ƙara kanwa.

Ranar da ƙaramin cikin ƴan kwikwiyon ya mutu, ranar ce na buɗe tsumman jinjirata na ga abin ya yi ruwa-ruwa, da ɗan kore a ciki. Na so in ɓoye, amma Inna tana tsaye a kaina. Ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga kai ta kalli wajen murhu.

"Abu ɗaya ne ya shigo gidan nan," ta ce. "Ya taɓa nonon waccan."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Ta ɗauko ludayi ta ce in tatsa. Akwai yadda ake gwada nono a lokacin: a jefa tururuwa a ciki, idan ta fita da ranta nono lafiyayye ne, idan ta mutu to ya ɓaci. Inna ta kamo ɗaya ta jefa, tururuwar ta yi ta iyo har ta kama bakin ludayin ta haye. Na saki numfashi. Amma Inna ta ce a sake, don a tabbata. Ta biyun ta juya, ta juya, ta tsaya cik a tsakiya. Inna ta watsar da nonon a gindin bango ta wanke ludayin.

A ranar ta aika garin Bana, wajen babbar ɗiyarta, yayar maigidana, wadda ke goyon ɗa namiji a lokacin. Saƙon shi ne ta zo ranar kasuwa ta ɗauki jinjirar ta haɗa da nata ta shayar. Ni kuma ta zauna a bakin gadona ta yi mini bayani, ba da faɗa ba.

"Sai naki ya gyaru a maido miki ita. Ki duba karyar can. In ta tashi, to iska ce mai wucewa, ba komai. In ta tafi da ɗiyanta, ba zan zauna in ga an sake haƙa ƙaramin rami a gidan nan ba."

Na ce, "To, Inna." Abin da ake cewa ke nan. Amma na san yaran da aka ɗauka a kan haka. Nonon uwar yakan ƙafe, yaron kuma sai ya dawo da ƙafarsa, yana kiran wata Inna, yana ɓuya a bayan zanenta idan uwarsa ta miƙa hannu. Akwai ɗaya a unguwarmu a Tanda, har ya yi aure bai taɓa cin abinci a ɗakin wadda ta haife shi ba.

Daga ranar na raba idona biyu, ɗaya a kan tsumma, ɗaya a kan karya. Ban taɓa son kare ba, ban kuma fara son wannan ba. Kallonta kawai nake yi kamar yadda manomi ke kallon gabas. Da yake ba ni da wani aiki sai kallon, na fara ganin abubuwa. Na ga yanzu idan Inna ta zuba kaskon, Ƙyale takan zo ta shinshina, ta kawar da kai, ta koma ta kwanta, sai yunwa ta ci ƙarfinta sannan ta dawo ta lasa. Wata rana jirage suka shigo da kifi mai yawa, Inna ta wuni tsaye a kan murhu, ta manta da kaskon sam. Ina kallo karyar ta ja jiki ta je inda ake jiƙa tukwane, ta shanye ruwan ƙanzon da ke cikin wata fasasshiyar tukunya. Washegari da safe zuwanta bayan darni ya ragu, har ta samu ta kwanta ƴaƴan suka daɗe a nono. Da hantsi Inna ta tuna, ta ce wayyo ta bar baiwar Allah da yunwa, ta zuba mata na jiya da na yau a haɗe. Kafin la'asar Ƙyale ba ta ma iya kaiwa bayan darnin. Sannan na lura da kaina. Duk ranar da kununa ya fi duhu ya fi ɗaci, ranar nake yawan ɗaukar buta.

Na gane, amma ganewar ba ta amfane ni da komai ba. Yarinyar da ba ta iya riƙe ɗa ɗaya ba, ta buɗe baki ta ce wa wadda ta raini gida guda maganinki ne ke kashe karyar? Ko kallon idon Inna ba na yi, balle wannan. Maigidana yana hanya, kuma ko yana nan ba zai shiga maganar jego ba. Ranar kasuwa tana matsowa.

Akwai maƙwabciyarmu, Nya Dommo, Badendiya ce, wato ƴar ƙabilar Dendi, mai sayar da kifi, ita ke taya Inna yi mini wanka. Tsakaninta da Inna wasa ne mai zafi, kullum sai sun zagi juna kafin su gaisa, kuma abin da ba wanda ya isa ya faɗa wa Inna, ita tana faɗa tana dariya. Wata safiya Inna ta fita ɗauko itace, ya rage daga ni sai ita a makewayi, tururi ya rufe mu. Na faɗa mata duka, da sauri, murya ƙasa, ina kallon ƙafafuna. Ta tsoma ganye ta watsa mini a baya.

"Rufe baki, ɗiyata, tururi zai shige miki," ta ce.

Na ɗauka ta watsar da maganar. Da yamma Inna ta fito da tukunya za ta kankare wa Ƙyale, sai ga Nya Dommo ta leƙo ta kan darni.

"Sannu da hidima, uwar masu jego. Wannan na surukarki ta ɗaki ne, ko ta bayan murhu?"

"Badendiya, yau ba ki da aikin yi ne?"

"Na gama, barka na zo yi. Yaushe ne sunan jikokin naki? Ki faɗa mini da wuri in nemi ɗan kwali."

"Ke kika fi kusa da su, sai ki zo ki raɗa musu."

Nya Dommo ta zagayo ta shigo, ta sunkuya a kan kaskon, ta shinshina, ta ja da baya tana toshe hanci.

"Innalillahi! Hajo, wannan ko raƙumi ya sha sai ya durƙusa. Tun da aka haifi karyar nan ƙanzo ta sani. Rana ɗaya kin mai da ita matar kwamanda, ga mai, ga yaji, ga kanwa. Cikin talaka gare ta, ina za ta kai wannan daula?"

"Kanwa magani ce."

"Ga saniya mai tumbi kamar rumbu. Dubi wannan, duka cikinta bai kai ƙwaryar furarki ba."

"Ku da kuke haihuwa yau gobe kuna cikin jirgi, me kuka sani a kan jego?"

"Mun san mai warkewa idan mun gan shi. Ke kullum ƙara magani, ita kullum ƙara zubewa. Ko ni da kike cewa ruwan kogi ya cinye mini hankali na ga wannan."

Akwai mata biyu da suka zo sayen kifi, suka fashe da dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa ƙafa ta kife kaskon, kunun ya malale a ƙasa.

"To na cire hannuna. Ke ki ciyar da ita. In ta mutu ke za ki ja ta zuwa juji."

"Ni? Ina da kasuwa. Ga yarinya can zaune ba abin da take yi sai kallon tsumma kamar mai duba. Ta riƙa jiƙa mata ƙanzo mana, ko ta motsa jini."

Inna ta ɗauki tukunyarta. Ba ta kalli ƙofata ba, ta dai ce, "Ta jiƙa."

Haka abincin Ƙyale ya dawo hannuna. Na riƙa jiƙa ƙanzo har ya yi laushi, in zuba kaɗan, don na ga idan ta ci da yawa a lokaci ɗaya yana dawowa. Bayan wani lokaci in sake zuba kaɗan. Idan an dafa shinkafa in tsiyaye ruwan in ajiye mata. Na tura wata fasasshiyar randa kusa da raminta na cika da ruwa, don ta sha ba sai ta bar ƴaƴan ba. Duk da sanda nake tura kaskon, in dawo in wanke hannu kafin in taɓa jinjira. Da farko ban ga wani sauyi ba. Wani ɗan kwikwiyon ma ya sake mutuwa, na tarar uwar ta ture shi gefe da hanci. Inna ta wuce ta gani, ta ci gaba da aikinta. Na fara tunanin ko abin da na gani ban gan shi daidai ba, ko tsoro ne ya nuna mini abin da nake so.

Abin da ya fara sauyawa kukan ne. Wani hantsi ina shayarwa, na ji gidan ya yi wani iri, na rasa me ya ɓace. Can na gane siririn kukan nan ne babu. Na leƙa, ga sauran ƴan kwikwiyon sun taru wuri ɗaya suna barci, cikinsu ya ɗan taso. A wunin kuma shirwa ta kawo sura bisa kifi, Ƙyale ta ɗaga kai ta yi haushi. Muryar a shaƙe take, ba ta ko tashi tsaye ba, amma shirwar ta canza hanya.

Ranar kasuwa ta zo karyar ba ta gama warkewa ba. Har yanzu ƙashi ne da fata, idan ta tashi sai ta yi tangaɗi. Yaya ta iso daga Bana da hantsi, ɗanta a baya, da wani zanen goyo a naɗe a kan kayanta. Na ga zanen tun daga ƙofa. Mace ce mai fara'a, ba ta da laifi a cikin maganar, kiranta aka yi ta zo. Muka gaisa, ta karɓi jinjirar ta ɗora a cinya tana yi mata wasa.

"Kai, ga ta da nauyi kuwa," ta ce. "Wannan ce ake cewa ba ta da lafiya?"

Aka kawo fura ta sha, suka yi hirar mutanen Bana, wa ya rasu, wa ya aurar, yadda gero ya yi. Ni ina zaune a gefen gado, hannuna ba komai, nono yana ta zuba yana jiƙa mini riga. Na riga na haɗa tsummokaran yarinyar na ɗaure su wuri ɗaya, don kada a ce sai an roƙe ni.

Can Inna ta miƙe. Ta zari wani siririn itace daga cikin na murhu ta nufi bayan darni. Ta ƙofa nake hango ta. Matar da ko inuwar kare ba ta yarda ta faɗa kan butar alwalarta ba, ga ta sunkuye tana tona kashin kare da tsinke, tana juya shi, tana matsawa gaba ta duba wani. Ta daɗe a can. Daga nan ta zo bayan murhu ta tsaya a kan ramin. Ƴan kwikwiyon suna tsotso suna tura uwar da ƙafa. Ƙyale ta ɗago ta yi mata ɗan gurnani. Inna ta jefar da itacen, ta je gindin randa ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta shigo.

"Ina tsumman safe?"

Na kwance ɗaurin na miƙa mata. Ta kai shi wajen haske kamar wancan karon. Rawaya ne, irin na kowane jinjiri. Ta naɗe ta ajiye a ƙasa, ta juya wajen ɗiyarta.

"Akwai kifi na ware, ki kai wa maigidanki. Ki tashi da wuri kada rana ta yi wa yaron nan yawa a hanya."

"Inna, yarinyar fa?"

"Wace yarinya? Ga uwarta zaune."

Yaya ta kalle ta, ta kalle ni, ta yi murmushi. Ta miƙo mini jinjirar da hannu biyu. Da za ta tafi ta zare zanen goyon daga cikin kayanta ta ajiye a kan gadona, ta ce in riƙe, ba za ta koma da kaya ba dalili ba. Na juya fuskata bango don kada su ga idona, na ba yarinyar nono.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Ta ci gaba da dama mini kunu har na gama wanka, sai dai gindin tukunyar a bola take zubarwa. Idan Nya Dommo ta tsokane ta, sai ta ce ai kanwar da ta sha tun farko ce ta yi aikinta daga baya. Har ƙasa ta rufe su, Allah ya sanyaya musu makwanci, ba su daidaita a kan wannan ba. Ƙyale ta murmure a hankali, masunta suka karɓi ƴaƴanta da suka rage. Ni kuwa har yau ban san ko ciwo ɗaya muka yi da ita ba, ko kuma yarinyata ba ta taɓa yin wani ciwo ba sai wanda idona ya ɗora mata. Abin da na sani shi ne ni na yaye ta da hannuna, tana gudu a tsakar gida, haƙoranta sun fito har ta fara cizona.